Kumburin ido ga yara: sankarar da ba ta jiran a tara kuɗin mota

A unguwar Zariya ta Maraɗi, ko a Tibiri da Jiratawa, idan idon yaro ya kumbura ya turo waje, abin da ake fara zato shi ne ciwon ido, ko iska, ko sammu. Sai a sayi maganin ɗigawa, a nemi rubutu. Amma akwai wata sankara da ke farawa haka, a kwarmin ido ko a muƙamuƙi, har haƙora su riƙa girgiɗa. Likitoci na kiranta lamfom na Burkitt, da sunan likitan da ya bayyana ta a Yuganda a 1958.

Cutar ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin yawan kamuwa da shi tare da ƙwayar Epstein-Barr na raunana garkuwar jikin yaro. Yankin Maraɗi, da damina da gonakin noman rani na Jiratawa, na cikin irin waɗannan wurare. Ƙullutun na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai saurin nan ne ma ke sa allurar shimiyo ta kama shi da kyau, idan an fara da wuri. Ba tiyata ake yi a cire ido ba, abin da iyaye da yawa ke tsoro.

Matsalar tana ga hanya. Duban ido kawai ba ya tabbatar da cutar. Sai an tsakuro ɗan nama daga kumburin an auna, an kuma yi hoton ciki. Cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, CNLC, tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Kuma maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ya tsaya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, alhali da yawa daga masu kamuwa da Burkitt sun wuce wannan shekarun. Uban da ke sayar da akuya don kuɗin mota da awo, mako biyu sun tafi kafin a yi allurar farko.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa Burkitt cikin sankarar yara shida da ta ba fifiko, da burin kashi 60 cikin ɗari na yaran su rayu zuwa 2030. Nijar za ta kusanci wannan adadi ne idan malaman CSI sun riƙa tura irin wannan yaro babban asibiti ranar da suka gan shi, kuma kyautar magani ta haɗa da sankarar yara ba tare da duba shekaru ba.