Raddi ga Masu Cewa Sunayen Abin Rufe Kai Duk Ɗaya Ne

Akwai masu da'awar cewa rawani da hula da malfa da kallabi da mayafi da hijabi kalmomi ne masu ma'ana guda, don haka kowacce za ta iya zama a gurbin 'yar'uwarta. Harshen da ake yi a Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, ya isa ya rushe wannan da'awa.

Hujjarsu ta farko ita ce dukansu kai suke rufewa. Amsa ita ce kowanne da aikatau da yake tafiya da shi. Rawani naɗa shi ake yi, hula a sa ta, kallabi a ɗaura, mayafi a yafa. Ba a naɗa hula, ba a yafa malfa. Kalmomin da ba su yi tarayya a aikatau ba, ba su yi tarayya a ma'ana ba.

Ta biyu, suna cewa bambancin siffa ne kawai. Wannan kuskure ne, domin bambancin ya kai ga matsayi. Idan aka ce an naɗa wa mutum rawani a fadar Tasawa, sarauta ake nufi. Malfa kuwa ta manomi ce da makiyayi, ana saƙa ta da kaba irin wadda ake yankowa daga goribar kwarin Gulbin Kaba, aikinta kare rana. Ko a jikin rawanin ma, sashen da ke rufe baki sunansa daban, amawali.

Ta uku, suna kafa hujja da kallabi da ɗankwali. Gaskiya ne abu ɗaya suke nufi, amma saɓanin karin harshe ne: kallabi ya fi yawa a bakin mutanen Maraɗi da Katsina, ɗankwali a Kano. Misali guda bai isa a gina hukunci a kan sauran ba.

Ta huɗu, sun haɗa mayafi da hijabi saboda duka sutura ce. Mayafi ƙyalle ne buɗaɗɗe da ake yafawa a kan kallabi. Hijabi ɗinkakke ne, da kafar fuska, ana zura shi ya sauka har ƙirji ko ƙasa. Matar da ta aiki yaro kasuwar Mayahi sayen hijabi, ya dawo da mayafi, za ta mayar da shi.

Saboda haka da'awar ba ta da madafa. Wajibi ne malamai da masu fassara su kira kowane abu da sunansa.