Kafin Ka Sauke Manhajar "Ƙara Gudu", Duba Abin Da Ke Cikin Na'urarka

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Da zarar kwamfuta ta fara nauyi, fanka na ƙara kamar injin niƙa, ko waya ta ɗau zafi, sai mu garzaya mu sauke manhajar da ta yi alƙawarin goge datti da ƙara gudu. Wasu ma tun a shagon da suka sayi kwamfutar ake ɗora musu biyu ko uku. Ni dai a ganina yawancinmu ba ma buƙatarsu, wani lokacin ma su ne cutar.

In Windows kake amfani da ita, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Zai jero maka duk ayyukan da ke gudana, har da na bayan fage, da yawan RAM da kowanne ke ci. Danna kan Memory, mai haɗamar zai hau sama ka gan shi ƙiri-ƙiri. Sai ka leƙa sashen Startup, ka hana tarkacen da ke tashi tare da kwamfutar. Masu Mac kuma suna da Activity Monitor.

Me ya sa nake ɗari-ɗari da na waje? Manhajar da za ta shiga hurumin sauran manhajoji sai ka ba ta izini babba. A 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin CCleaner, kamfanin ya raba ta bai sani ba, mutum sama da miliyan 2 suka sauke. A 2020 Google ya cire Clean Master daga Play Store tare da sauran manhajojin Cheetah Mobile, bisa zargin maguɗin talla. Wayar da kake buɗe asusunka na banki da ita fa ake magana.

Ga wani abu kuma. Android da gangan take barin manhajoji a RAM don su buɗe da sauri. In ka kashe su, sai su sake tashi daga farko, batir ya sha wahala. Daga Android 14, wadda ta fito a 2023, manhaja ba ta ma iya kashe ayyukan bayan fage na wata manhajar. To wannan rokar da ke tashi a fuskar wayarka, me take yi banda nuna maka talla da cinye maka data?

Amma a yi adalci, akwai na kirki. Process Explorer, wadda Mark Russinovich ya rubuta, ta koma hannun Microsoft a 2006, sai dai ba ta zuwa da Windows, sauke ta ake yi. Tana nuna wace manhaja ce ta riƙe fayil ya ƙi goguwa, wace ce ta tayar da wace, har ta tantance su a VirusTotal. Kyauta ce, babu talla. Mai gyaran kwamfuta ya dace ya riƙe ta.

Don haka kafin ka sauke komai, tambayi kanka: wa ya rubuta ta, kuma ta ina yake samun kuɗinsa? Sannan duk aikin da ba ka san shi ba, musamman svchost.exe, kar ka kashe shi da ka, bincika tukuna.

Ku fa, wace manhajar gogewa ce a wayarku yanzu, kuma wa ya ɗora muku ita?