Kuɗin Tallafi Da Ɗakin Hayar Nakasassu A Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ya san cewa sanyin garin ba ya barin mutum ya kwana a waje. Saboda haka maganar ɗakin kwana ga gurgu ko makaho ko kuturu a Gangare, Dilimi, Rikkos da Unguwar Rogo magana ce ta rai da lafiya. Da yawansu 'yan haya ne, ɗaki ɗaya suke kamawa su da iyali, kuma bisa al'adar haya ta biranen ƙasar nan masu gida sukan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule. Canje-canjen da Gwamnatin Tarayya ta yi ta yi wa shirinta na tallafin kuɗi tun daga 2023 sun taɓa waɗannan bayin Allah fiye da yadda masu tsara shirin suka lura.

A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta soma bai wa gidajen matalauta Naira 5,000 kowane wata, ana biya Naira 10,000 duk bayan wata biyu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma biyan yakan yi jinkiri. Amma suna da wata fa'ida guda: ana sa ran zuwansu. Matar da mijinta makaho ne tana iya shiga adashi da su, ta kwashe lokacin da haya ta ƙare, mai gida kuma yana iya yin haƙuri domin ya san akwai abin da ke tafe. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, sai aka fito da sabon tsari a watan Oktoba na shekarar: Naira 25,000 a wata har wata uku, ga gidaje miliyan 15. Jimla Naira 75,000 ke nan, wato ɗan abin da ya ɗara albashi mafi ƙanƙanta na wata ɗaya, wanda aka mayar Naira 70,000 a Yulin 2024. Daga nan shi ke nan. Haya kuwa kowace shekara tana dawowa.

Ko wannan ɗin ma bai tafi daidai ba. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bisa zargin da ya shafi kuɗin ma'aikatar, aka kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya. Da aka dawo da biya sai aka gindaya sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko lambar banki ta BVN, kuɗin kuma su shiga ta asusu. Babu mai hankalin da zai ƙi a toshe kafar sata, domin an sha ganin sunayen bogi a irin waɗannan shirye-shirye. Sai dai wanda ya rubuta sharaɗin bai yi tunanin kuturun da cuta ta cinye yatsunsa ba, alhali na'urar rajista zanen yatsa take nema. Bai yi tunanin gurgun da zai tura kekensa ya hau tudun Jos, ya tarar da matakala a ƙofar banki ba, ko makahon da dole ya damƙa wa ɗan jagora lambarsa ta sirri. A lokacin nan kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, masu gidaje suka ɗora tsadar siminti da kwano a kan 'yan haya.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne inda sassaucin haya ya faɗa. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta soma aiki a Janairun 2026, ta yarda mai biyan haraji ya cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa, har iyakar Naira 500,000, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Dokar kuma ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Duka biyu abin yabo ne. Amma gurgun da ke gyaran takalma a bakin Terminus, wanda samunsa bai kai a yanka masa haraji ba, ba shi da abin da zai cire wani abu daga ciki. Sassaucin ya tsaya a wurin mai albashi, ya tsallake wanda mai gida ke buga wa ƙofa.

Sauran ƙasashe ma sun yi irin wannan tuntuɓe. A Ingila, cikin 2013, an rage kashi 14 cikin ɗari na tallafin haya ga masu ɗaki ɗaya da aka ce ya yi musu rara, har sai da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci a 2016 cewa an zalunci wata nakasasshiya wadda rashin lafiya ya hana ta kwana ɗaki ɗaya da mijinta. Bambancin shi ne can akwai tallafin hayar da ake jayayya a kansa. A Nijeriya babu shi sam.

Jihar Filato ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Gindiri aka buɗe makarantar makafi tun 1953. Jihar ta yi dokar kare haƙƙin nakasassu a 2005, shekaru da yawa kafin Shugaba Buhari ya sa hannu a ta tarayya a Janairun 2019. James Lalu, wanda ya fara riƙe Hukumar Nakasassu ta Ƙasa a 2020, ɗan Filato ne, haka ma Ayuba Gufwan da aka naɗa a 2024, wanda ya daɗe yana ƙera wa guragu kekuna a Jos. Dokar tarayyar ta ce a fara duba nakasassu duk inda gwamnati ke raba wa jama'a masauki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Sai dai gwamnati ba ta raba ɗakuna a Gangare. Ga kuma rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 da suka raba garin, suka cusa jama'a a unguwannin da kowa yake jin ya aminta da su, ɗaki ya yi wuya, mai rauni ya koma bakin rafi inda haya ta fi sauƙi. Can ne ambaliyar Yulin 2012 ta yi ɓarna a Rikkos da Gangare.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu kai tsaye. Idan haya ta gagari nakasasshe a gida, tirela yake hawa, ya sauka a Agege ko Ebute Metta a Ikko, ko Sabon Badun, ya shiga bara, hukuma ta yi kame, Sarkin Hausawa ya shiga ɗawainiyar beli. Kafin a kai ga haka ma, kuɗin da ɗan dako ko mai sayar da goro ke aikawa gida su ne ke biyan hayar iyayen da suka makance.

Abin da ya wajaba ga Ma'aikatar Jin Ƙai shi ne ta ware wa nakasassu 'yan haya wani kaso na dindindin, a riƙa biya a lokacin da aka sani, ko da kaɗan ne. Hukumar NIMC ta kai na'urorinta unguwanni, ta yi rajistar marasa yatsu ta hanyar hoton fuska, tare da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare waɗanda suka san mutanensu gida-gida. Gwamnatin Filato kuma ta yi rajistar da kowane mazaunin Jos, ba tare da neman takardar shaidar asali ba. Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Ikko, Badun, Shagamu da Fatakwal, masu tara kuɗin kai gawa gida, suna iya buɗe wani littafi daban domin hayar nakasassun garuruwansu, su miƙa kuɗin a hannun mai gida, su karɓi rasit.