A Nemi Gado A Cikin Gida

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma gano ƙwayar gadon da ke sa wani ya fi wani tsawo ko hawan jini aiki ne mai wuya. Irin waɗannan halaye aunawa ake yi, kuma ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa da abinci da yanayin zama su haifar da su.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tara mutane barkatai a gwada su, amma tana da haɗari. A shekarar 2005 masana a Amurka sun ga cewa ƙwayar da ke sa baligi ya iya narkar da madara tana tafiya tare da tsawo. Ashe ba ita ke kawo tsawon ba. Waɗanda asalinsu arewacin Turai ne sun fi tsawo, kuma su suka fi wannan ƙwaya. Kama da wane ba ta wane.

Maganin wannan ruɗu shi ne a yi kwatancin a cikin gida ɗaya. Abin da ɗa ke gada daga uwa da uba kamar ƙuri'a yake faɗowa. Saboda haka idan aka kwatanta 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, bambancin ƙabila ko gari ba zai rikita lissafi ba. Spielman da abokansa sun kafa irin wannan gwaji a 1993, Abecasis da nasa abokan kuma suka faɗaɗa shi ga halayen da ake aunawa a 2000. Lalle hanyar tana cin kuɗi da lokaci, amma sakamakonta ya fi inganci.

Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila. Mai sikilar da ya riƙe sinadarin jinin jarirai da yawa a jikinsa yakan sami sauƙin ciwo. Binciken tagwaye a Ingila da iyalai a Italiya ya gano ƙwayar BCL11A mai sarrafa wannan sinadari a 2007 da 2008, har aka amince da magani a kanta a 2023.

Ƙasar nan ba ta rasa manyan iyalai ba. Wajibi ne jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato su ƙarfafa koyar da wannan lissafi, asibitoci su adana bayanan iyali, tare da yardar masu gida da tsare sirrinsu.