Kukan Na'ura Ba Ya Halatta Zinare

A shekarar 1980 wani mutum ya fita da na'urar gano ƙarfe a kusa da ƙauyen Kingower, cikin jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, ya dawo da curin zinare mai nauyin sama da kilo 27. Curin yana nan a ajiye a wani gidan caca na birnin Las Vegas. Daga baya kuma, a wannan jiha dai, wani mai yin abin don sha'awa ya tono dutse mai kilo 4.6 da na'ura mai araha, aka sami kilo 2.6 na zinare a cikinsa. Irin waɗannan labarai ne ke yawo a wayoyinmu suna hana matasanmu barci, shi ya sa muka ga ya dace mu dube su da idon basira.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun san cewa samu irin wannan tsautsayin alheri ne. Na'urar faifai gare ta mai aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe sai ta yi kuka a kunnen mai riƙe da ita. Tsohuwar ƙusa na sa ta kuka, haka harsashi da guntun waya, har ma jar ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe. Mutum kan wuni yana haƙa ya koma gida da tarkace, in kuwa an dace, galibi ɗan ƙwayar da bai kai giram ɗaya ba ne. Mai sha'awar a Biktoriya yana da abin da yake ci da iyalinsa, ya yanki takardar izini mai aiki shekara goma, kayan hannu kaɗai aka yarje masa, kuma dole ya cike ramin da ya tona. In bai samu ba, ya sha iska.

Da na'urar ta iso Sahara sai ta zama wani abu dabam. Daga Sudan zazzaɓin ya ratsa arewacin Cadi, a 2014 ya kai Jado da Cibarakaten a jihar Agadas, dubban mutane suka kwarara can, cikinsu har da 'ya'yanmu. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017. A watan Mayun 2022 rikici ya ɓarke tsakanin masu haƙa a Kuri Bugudi, kusa da iyakar Cadi da Libiya, hukuma ta ce mutum kusan 100 sun rasa rayukansu. Abin da wani ke yi a ranar hutu, a nan jarin gida ake zubawa a cikinsa, wani lokaci har da rai.

Ba mu ce neman arziki a cikin ƙasa laifi ne ba. Abin da muke cewa shi ne na'ura ƙarfe take nunawa, ba ta faɗin mai shi, ba ta kuma faɗin hakkin da ke kansa. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe wannan tun kafin a ƙera ta.

Idan zinaren halittacce ne a cikin ƙasa, sunansa ma'adini, kuma a mashhurin mazhaba hukuncinsa yana hannun shugaba, ko da a gonar mutum ya bayyana. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da haka: sashe na 44 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya damƙa ma'adinai ga gwamnatin tarayya, a Nijar ma mallakar ƙasa ne. Wanda aka ba izini ya fitar da abin da ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85, zai ba da kashi ɗaya cikin arba'in nan take, ba ya jiran shekara ta zagayo. Idan kuwa curi ne tsantsa da aka ɗauka ba tare da wahalar tacewa ba, wanda malamai ke kira nadra, humusi ne a kansa, kashi ɗaya cikin biyar. Wannan shi ne ainihin abin da mai na'ura ke farauta, amma kaɗan ne cikin masu fita suka taɓa jin sunansa.

Idan dukiya ce da mutanen jahiliyya suka binne, rikazi ke nan, shi ma humusi ne kamar yadda ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim. Idan kuma akwai alamar cewa Musulmi ne ya binne ko ya yar, kamar zobe ko sarƙar da na'ura ta tono a tsohon kango, to tsintuwa ce, sai an yi cigiyarta shekara guda.

Za a ce mana talauci ne ya kori mutane zuwa hamada, kuma mai yunwa ba ya jin karatu. Gaskiya ne talaucin yana nan, kuma hukumomin da ke wahalar da ƙaramin mai haƙa wajen samun izini suna da nasu alhakin. Sai dai talauci shi ne babban dalilin da zai hana mutum sayar da gonar da ke ciyar da shi, ko cin bashin da bai san ranar biyansa ba, domin kukan da sau da yawa ƙusa ce a ƙarƙashinsa. Ciyar da iyali wajibi ne, curin zinare kuwa fata ne kawai. Magabata sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Muna kira ga malamanmu, musamman na garuruwan da matasa ke tashi daga cikinsu, da su fito da babin ma'adini da rikazi daga zaure zuwa mumbari. Shi kuma mai niyyar saye, ya fara sanin ƙasar wa zai taka, da izinin wa, da abin da zai fitar in ya samu, da abin da zai bar wa iyalinsa in bai samu ba. Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa mana albarka a cikinsa.