Zancen Kasuwa: Kowane kuɗin waje da halinsa

Makon jiya na je Hamdara gaida wani kawuna da ya dawo daga Umra. Bayan an sha ruwan zamzam an yi addu'a, sai ya jawo ni gefe ya ce: “Ɗana, kai da ka yi lakwal, lissafa mani wannan abu. Na bar gida da guzurin miliyan ɗaya, ban ɓatar da ko dala ba, amma da na isa Makka sai na ga kuɗin sun rame.” Na ce: “Kawu, ta wace hanya kuɗin suka bi?” Ashe a Damagaram ya mai da sefa naira, a Wapa ta Kano ya mai da naira dalar Amurka, a Jidda kuma ya mai da dala riyal. Hannu uku ke nan, kuma kowane hannu sai ya lasa.

Mu ɗauka kowane ɗan canji ya ci 3 cikin 100 kawai. Bayan canji na uku, abin da ya rage daga miliyan ɗaya shi ne 912,673, wato fiye da jika 87 sun tafi tun kafin matafiyi ya sha ko ruwa. Ba wanda ya yi wa kawu sata: ɗan canji yana saye da araha ya sayar da ɗan tsada, a tsakanin farashin biyu yake samun na cefane. Laifin na hanyar da aka bi ne. Don haka ƙa'idar farko ita ce mutum ya yi canji sau ɗaya, in ya gagara sau biyu. Ta biyu ita ce ya san halin kuɗin da zai saya, domin yuro da riyal da naira ba a sayen su da dabara ɗaya.

Mu fara da yuro, kuɗin ma'aikacin da aka tura taro ko ƙarin ilimi a Faransa ko Beljiyam. Tun ranar 1 ga Janairu 1999 yuro ɗaya yake sefa 655.957, bai motsa ba. Ke nan yuro 100 sefa 65,596 ne. Duk abin da aka ɗora a kan wannan la'ada ce, kuma a kanta kaɗai ake ciniki. In an ce maka yuro 100 jika 68, ka san ana karɓar maka kusan 2,400, abin da ya kusa 4 cikin 100. Wanda ya ce maka “yau yuro ya tashi”, kai ne yake so ya tasa. Ka tambayi banki biyu da ofishin canji mai lasisi, ka ce su faɗa maka jimillar abin da za ka biya har da haraji, sannan ka zaɓa. Ba amfanin jira, ba amfanin gaggawa.

Sai dai tsofaffin ƴan kasuwa za su tuna mana cewa wannan ɗauri hannun mutum ne ya yi shi. A daren 11 ga Janairu 1994 aka ba da sanarwa daga Dakar cewa faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Wanda ya kwana da bashin kaya a Turai ya wayi gari bashinsa ya ninka, maniyyacin da ke tara sefa ya tarar rabin guzurinsa ya narke. Darasin shi ne: in ranar tafiya ta tabbata, takardu sun fito, kuɗi suna hannu, a saya a huta. Amma kada jita-jitar tasha ta sa mutum ya kwashe jarinsa ya kai wa ɗan canji a kowane farashi.

Na biyu dala da riyal, kuɗin alhazai da masu sarin kaya a Dubai. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka: dala ɗaya riyal 3.75, dala 100 riyal 375. Wannan ya ba mu ma'auni mai sauƙi. Ka raba farashin dala da 3.75, za ka sami farashin riyal na gaskiya. In dala tana sefa 600, riyal ɗaya sefa 160 ne. In an ce maka 175, ka san inda aka dosa. Amma ita dala tana hawa da sauka a gaban sefa, domin sefa yuro take bi. A watan Yuli 2008, lokacin da yuro ya kusa dala 1.60, dala ta faɗo wajen sefa 410. A Satumba 2022, da yuro ya kasa kai dala ɗaya, sai ta haura wajen 680. Ba malami ba boka da zai gaya maka farashin watan gobe. Shi ya sa mai shirin Hajji zai fi samun kwanciyar hankali in ya raba sayensa kashi uku ko huɗu cikin watanni, ya tsere wa makon tashin alhazai, lokacin da kowa ke nema kuma ƴan canji suka san ba ka da zaɓi.

Kada kuma ka ɗauki takardun sefa ka ce sai ka sauka za ka canza. Tun watan Agusta 1993 bankin BCEAO ya daina fansar takardun sefa da aka fitar wajen yankin, saboda haka ɗan canjin Jidda ko na Faris, in ma ya karɓa, sai ya yanka maka farashin wulaƙanci. Haka sefar Cadi da Kamaru: darajarta ɗaya da tamu a kan takarda, amma bankinta daban, kuma a hannun ɗan canji sai an rage wani abu. Mai zuwa Kotonu, Lome, Wagadugu, Bamako, Abijan ko Dakar shi ne ya huta, don kuɗinmu ɗaya.

Na uku naira, wadda ita ce tamu ta kullum, mu mutanen Damagaram da ke bin hanyar Matamai ko ta Magarya zuwa Kantin Kwari da Dawanau. Ita dabararta akasin ta dala ce: ba a ajiye ta. A watan Yuni 2023, da babban bankin Najeriya ya saki farashi, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 700 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayi naira da wuri ya ɓoye don sarin kayan salla, fiye da rabin ƙarfin kuɗinsa ya tafi yana barci. Ga kuma haɗarin sauya takarda. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyaka, aka ba da ƴan kwanaki kawai. Ƴan kasuwarmu da yawa sun tashi da buhun takardun da ba sa sayen ko goro. A farkon 2023 ma, bayan an sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, an ga yadda tsabar kuɗi ta ɓace, har ana sayen naira da naira. Don haka ka sayi naira ranar tafiya ko jajibirinta, daidai abin da za ka kashe. Ka ji farashin jika a Kasuwar Dole, ka buga waya ka ji na bakin iyaka da na Wapa, ka canza kuɗin mota da na abinci a nan, babban kason kuma inda ya fi. In ka dawo da saura, ka mai da shi sefa tun ƙurar hanya ba ta bar ƙafarka ba.

Saura abubuwan da kan kashe riba bayan an ci ciniki. Ka nemi sababbin takardu marasa yaga ko rubutu. Dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a Oktoba 2013, ita ake karɓa ba gardama, tsofaffi kuwa akan rage masu daraja. Manyan takardu sun fi farashi mai kyau, amma ka riƙe ƙanana kaɗan na mota da na ɗan dako. Ka ƙirga da hannunka, a gabansa, sau biyu, kuma in ya sake taɓa kuɗin ka sake ƙirgawa. Wanda ya ba ka farashin da ya fi na kowa nesa, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa: jabu a can yake kwana. Ka karɓi rasit ka ajiye, domin duwan na da ikon tambaya, kuma mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye wajibi ne ya bayyana su. Filin jirgi da otel kuwa, nan ne canji ya fi tsada. Ka canza na kwana ɗaya kawai. Mai katin banki ya tambayi bankinsa nawa ake cirewa a kowane zare kuɗi, kuma in na'ura ta ba shi zaɓi, ya biya da kuɗin ƙasar da yake ciki.

Da na gama lissafi, kawu ya yi shiru, sannan ya ce jika 87 ai kuɗin rago ne. Ya ce baɗi in da rai, tun da kaka zai fara sayen dalarsa kaɗan kaɗan, da ya sayar da wake. Allah ya kai mu, ya kuma sa a je lafiya a dawo lafiya. Sai mako mai zuwa.