Mai Shayi Da Cinikin Sallah A Jega, Aliero Da Maiyama

Daga Wakilinmu

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, hankalin jama'a yakan koma kan farashin shadda da atamfa da takalman yara, ko kuwa kan kuɗin rago idan Babbar Sallah ce. Ba safai ake tunawa da mutumin da ke bakin kanti ko ƙofar tasha da teburinsa da butarsa ba, watau mai shayi, alhali kuwa shi ne ke riƙe da cikin masu wannan hada-hada, tun daga ɗan dako har zuwa babban dillali. Abin da yawancin mutane suka ɗauka shi ne kwanakin jajibiri kakar mai shayi ce, domin sun ga benci ya cika maƙil ana ta miƙa hannu. Amma wanda ya dubi sana'ar da idon basira a garuruwan Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi zai tarar cewa cikar benci daban, riba daban, kuma a waɗannan kwanaki ne ƙaramin jari ya fi saurin karyewa.

Garuruwan nan uku hanya ce ta haɗa su. Jega tana kan mararrabar manyan hanyoyi: wadda ta fito daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero, da wadda ta nufi Birnin Kebbi, da kuma wadda ta yi kudu ta ratsa Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora. Kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, zamanin da fatake ke yada zango a can, har yau kuwa ita ce cibiyar cinikin wannan yanki. Aliero an san ta da albasa a duk faɗin Nijeriya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jihar ta kafa a can a shekarar 2006. Maiyama kuwa gari ne na manoma da ke kan hanyar manyan motoci masu zuwa kudu. Saboda haka ko da yake tebur iri ɗaya ne, masu zama a kansa sun bambanta. A Jega 'yan kasuwa ne da baƙin da suka shigo sayayya daga ƙauyuka, a Maiyama direbobi ne da matafiya, a Aliero kuwa masu lodin albasa ne da ɗalibai. Su ɗaliban nan, waɗanda su ne abokan cinikin kullum, da zarar an ba da hutun Sallah sai su watse zuwa garuruwansu, watau mai shayin Aliero yakan rasa waɗanda ya saba da su daidai lokacin da ake ganin kasuwarsa ta buɗe.

SALLAH BIYU, CINIKI IRI BIYU

Ya kamata mai karatu ya lura cewa cinikin Sallolin biyu ba ɗaya ba ne. Ƙaramar Sallah azumi ne ke gabanta, don haka teburin yakan kasance a rufe duk yini, aikin kuma ya koma dare, daga bayan shan ruwa har zuwa sahur. A goman ƙarshe teloli kan kwana a kan keke don su cika alkawarin ɗinki, kantunan tufafi ba sa rufewa da wuri, masu dawowa daga sallar dare su ma sukan tsaya su jiƙa maƙoshi. Cinikin da a sauran watanni ake yinsa a tsanake tsakanin safiya da maraice, sai ya taru cikin 'yan sa'o'i kaɗan.

Daɗin daɗawa, tun da shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, Sallah ba ta zama a yanayi guda. An yi Ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu a 2023, da 10 ga Afrilu a 2024, da 30 ga Maris a 2025, watau duk cikin zafin bazara. A irin wannan zafi madarar gwangwani ba ta jimrewa idan an fasa ta, burodi yana saurin bushewa, ƙwai kuma yana lalacewa. Amma a ɗaya gefen, lokacin ya dace da kakar albasar rani, sa'ad da kuɗi ke hannun manoman Aliero da 'yan dakonta.

Babbar Sallah kuwa tana zuwa ne bayan kamar kwana 70, kuma a waɗannan shekaru uku ta faɗo cikin watan Yuni, farkon damina. Cinikinta na dare da rana ne, domin masu fataucin raguna zuwa Ibadan da Ikko ba su da lokacin tsayawa sai inda dare ya yi musu. A nan abokin gabar mai shayi shi ne hadari: iska ta yaye rumfa, ruwa ya jiƙa gawayi, jama'a su tashi a guje wani ko biya bai yi ba.

ABIN DA KE CIKIN KOFI

Idan aka dubi kofin shayi guda, za a ga kusan duk abin da ke cikinsa, in ban da ruwa da citta, ya dogara ne da kasuwar duniya. Yawancin sukarin da ake sha a ƙasar nan ɗanyensa ake shigowa da shi, galibi daga Barazil, sa'an nan kamfanoni irin su Dangote da BUA su tace shi a bakin teku, duk da cewa tun 2012 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin wadata ƙasa da sukarin gida. Alkamar da ake yin burodi da taliyar Indomie da ita, ita ma mafi yawanta daga waje take. Masu shekaru za su tuna an hana shigo da alkama a 1987 don a ƙarfafa noman gida, aka janye hanin a 1992 ba tare da an cim ma buri ba. Madarar gari ita ma haka. Ganyen shayi ana nomansa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, amma bai wadatar da ƙasa ba.

To, ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, cikin watan Yuni na shekarar kuma aka bar kasuwa ta yanke wa Naira daraja. Dalar Amurka da ake saye a hukumance a kan kimanin Naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Ga kuma kuɗin ɗauko kayan a mota tun daga Ikko har Jega.

Mai kanti yana iya sauya farashi da safe ya sake sauyawa da yamma. Shi kuwa mai shayi bai da wannan 'yanci, gama abokin cinikinsa ya san kuɗin kofi, da ya ji ƙari sai ya koma teburin gaba. Abin da ya rage masa shi ne ya rage hannu wajen zuba madara ko ya ƙaranta cokalin sukari. Shi ma mai sha yakan sauko daga haɗin kauri zuwa ruwan bunu, ya bar ƙwai ya tsaya ga burodi. Ta haka ne za a iya sayar da kofi da yawa a tashi da ciniki kaɗan.

JARI, BASHI DA CANJI

Kafin mai shayi ya iya karɓar taron jajibiri, tilas ya riɓanya sayayyarsa, ya ƙara kofuna, ya kuma ɗauki ƙarin yaro mai wanki da miƙa shayi. Da yawa ba su da uwar kuɗin yin haka, sai dai su karɓi kaya bashi wajen mai kanti a kan za su biya bayan ciniki. Shi kuwa mai kanti a wannan mako ne ya fi bukatar kuɗinsa a hannu, don ya sake saro kaya. Idan mai shayi ya sayi kaɗan kaya su yanke masa tsakar dare, ya rasa ciniki. Idan ya sayi da yawa, to kashegarin Sallah kasuwa takan mutu na 'yan kwanaki, burodi da ƙwan da suka yi kwantai su cinye ribar da aka samu.

Sai kuma littafin bashi. Tela ya ce a rubuta sai masu ɗinki sun biya shi, ɗan dako ya ce sai an gama lodi, ma'aikaci ya ce sai albashi ya fito. Mai shayi ba ya iya cewa a'a ga wanda ya shekara yana zama a bencinsa, kuma watan azumi wata ne na tausayi. Amma ya kamata masu karatunmu, musamman ma'aikata da ɗalibai, su sani cewa bashin da suke gani ƙarami ne, idan ya taru daga mutum goma ko ashirin, shi ne kuɗin sukarin gobe. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma hanjin mai ƙaramin jari ba ya ɗaukar nauyi.

Matsalar canji ita ma ba ƙarama ba ce. Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, abin da ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Azumin shekarar ya kama kafin kasuwa ta farfaɗo. Tun daga lokacin masu shayi da yawa suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Wannan ya rage rigimar canji, amma ya zo da tasa wahalar: layi yakan tsinke sa'ad da jama'a suka yi yawa, akwai masu nuna saƙon ƙarya, kuma idan za a mai da kuɗin tsaba sai an biya masu na'urar POS ladansu.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

A Amurka da Ingila manyan kantuna sukan keɓe wuri a cikinsu inda ake sayar da gahawa da shayi. Kamfanin Starbucks, alal misali, yana da irin waɗannan rumfuna a cikin kantunan Target na Amurka. Su Kirsimeti ce kakarsu, kuma tun da sauran makonni sukan ɗauki ma'aikatan wucin gadi, su tanadi kaya. Hikimar ita ce mai sayayyar da ya sami wurin zama ya huta ya sha abu mai ɗumi ba ya gaggawar fita, yakan koma ya ƙara sayayya. Watau masu kantin sun ɗauki mai gahawa a matsayin wani ɓangare na cinikinsu.

Abin da mai shayin Jega ke yi wa kasuwa ke nan, ko da yake ba wanda ya rubuta shi a takarda. Baƙon da ya taso daga ƙauye da asuba, in ba don teburin nan ba da ya koma gida da wuri. Mai kantin da ya ba mai shayi bakin rumfarsa, ya ja masa ƙwan lantarki, ya sassauta masa wa'adin biya zuwa bayan Sallah, lalle kansa ya yi wa.

NAUYIN DA KE KAN HUKUMA

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da kuma sa ido kan wuraren sayar da abinci. Doka mai lamba 21 ta 1998 kuwa ta ba su ikon karɓar kuɗin rumfa da na kasuwa. Bugu da ƙari, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda ke da ikon yanka rasit kuwa, wajibi ne mai biya ya ga abin da aka yi masa.

Abubuwan da ake bukata ba masu tsada ba ne. Na farko, tun kafin goman ƙarshe na azumi, hukuma da Sarkin Kasuwa su keɓe wa masu shayi wuri nesa da rumfunan yadi da masu sayar da fetur a galan. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 sun isa su nuna abin da wuta ke yi wa kasuwa ko daga ina ta tashi, balle a daren da kowace rumfa ke cike da kayan Sallah. Na biyu, a samar da famfo ko tankin ruwa kusa da su, domin kofin da mutum ɗari suka sha a ciki aka ɗauraye shi a bokiti guda hanyar cuta ce, duba-gari kuma su riƙa zagayawa don wayar da kai. Na uku, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana. Na huɗu, a tsai da haraji guda da rasit guda wanda kowa ya san adadinsa.

Su ma masu sana'ar akwai nasu. Idan masu shayi na tasha guda suka haɗa adashi tun watan Rajab, za su iya sayen sukari da buhu, madara da katan, maimakon awo da ɗai-ɗai, su kuma yi wa littafin bashi iyaka wadda kowa zai sani. Mai sha kuwa, kafin ya kai wa tela cikon kuɗin ɗinki, ya tuna da wanda ya yi ta ba shi shayi har watan ya ƙare, domin shi ma yana da iyalin da ke jiran kayan Sallah. Allah Ya sa a gyara.